Babur ɗina ya daina hawa tudu, shin in ƙara masa girman inji?

Wani mai karatu ya rubuto yana cewa: "Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin babur irin sikuta mai bel, mai inji 49cc, wanda aka buga 139QMB a jikin injinsa, kuma da shi nake zuwa wurin aiki kullum. Ya yi tafiyar kusan kilomita 14,000. A da yana kai kilomita 45 a awa ba tare da wahala ba, amma yanzu da ƙyar yake wuce 35 duk da cewa injin yana ta kuka, kuma idan na zo tudu sai ya riƙa tafiya kamar zai tsaya. Da safe yana wahalar tashi, wani lokaci kuma ya mutu idan na tsaya. Tun da na saye shi baƙin mai kawai nake canzawa. Wani abokina ya ce in sa masa silindar da ake kira 80cc, in canza salansa da CDI, in kuma cire matatar iska ta asali. Kuɗin da na tara ba su da yawa, kuma idan babur ɗin ya kwanta aikina ne zai tsaya. Mece ce shawararku?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ita ce kada ka taɓa silindar nan tukuna. Babur ɗin da a da yake kai 45 cikin sauƙi, yau kuma ya kasa wuce 35, injinsa bai ƙanƙance ba, wani abu ne ya cinye ko ya toshe a jikinsa, kuma alamomin da ka lissafa da kanka sun isa su nuna inda ya kamata a fara dubawa. Idan ka ɗora babbar silinda a kan matsalar da ba a gano ba, kuɗinka za su tafi, matsalar kuma tana nan, har ma ka ƙara mata wata. Mutumin da abincinsa ya rataya a kan babur ɗaya ya fi kowa buƙatar injin da zai tashi kowace safiya.

Abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarka shi ne cewar da ka yi injin yana ta kuka amma gudu ya ragu. Wannan alama ce ta ɓangaren bel fiye da ta cikin inji. Sikuta irin taka ba ta da giyar da ake sawa da ƙafa. Abin da ke gefen hagunta, ƙarƙashin dogon murfin nan, fuli biyu ne da bel a tsakaninsu. Fulin gaba yana kan karanshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa, kuma a bayansa akwai ƙananan rololi guda shida. Yayin da injin ya ƙara juyawa, rololin nan suna fita waje su matse fuskokin fulin biyu, sai bel ɗin ya hau sama a gaba, ya nutse ƙasa a fulin baya, wanda sifirin ke riƙe da shi. Wannan hawa da saukar shi ne canjin giyarka gaba ɗaya. To, bel yana cinyewa ne ta gefe da gefe, wato faɗinsa ne ke raguwa. Bel ɗin wannan inji faɗinsa kusan milimita 18 ne yana sabo, kuma idan ya rasa milimita ɗaya ko fiye, ba zai iya hawa har ƙarshen fulin gaba ba komai matsar da aka yi masa. Sakamakon shi ne babur ya maƙale a ƙaramar giya, injin yana kuka, gudu kuma babu. A wajen tashi ma siririn bel yana zama ƙasa da inda ya kamata a fulin baya, don haka babur ɗin yana tasowa kamar an sa masa giya ta biyu, abin da ke sa shi nauyi a gindin tudu. Bel ɗin da ya yi kilomita 14,000 ba a taɓa duba shi ba ya kai lokacin zargi, kuma ina tsoron kada ya tsinke maka a tsakiyar hanya.

Ka sa a buɗe murfin nan a gabanka. Za ka ga baƙar ƙura ta roba ta lulluɓe ko'ina, kuma wannan ƙurar bel ɗinka ce da ta kuloci. A auna faɗin bel ɗin, a lanƙwasa shi a duba tsakanin haƙoransa ko ya fara tsagewa. A jikinsa akwai lambobi, galibi 669 ko 729 a irin wannan inji, gwargwadon tsawon gidan bel ɗin, kuma dole sabon ya zo da lamba iri ɗaya da tsohon, domin bel mai tsawo ko gajarta fiye da kima yana ɓata canjin giya ko da sabo ne fil. Sannan a zare fulin gaba a fito da rololin. Ka ɗauki ɗaya ka mirgina shi tsakanin yatsunka. Lafiyayyen rola a mulmule yake ta ko'ina, amma wanda ya gaji za ka ji wani gefe nasa ya baje, kuma wannan bajewar ce ke sa babur ya riƙa fizga ko ya tsaya a wata giya ya ƙi wucewa. Ana canza su duka shida a lokaci ɗaya. A duba fatun kuloci a baya, idan sun yi santsi suna ƙyalli a ɗan goge su da sanfefa, a kuma wanke fuskokin fuli su bushe ƙayau, kada maiko ko kaɗan ya taɓa su ko ya taɓa bel. A yawancin baburan da suka zo da irin kukanka, wannan aikin kaɗai yana dawo da mafi yawan gudun da ya ɓata.

Wahalar tashi da safe da mutuwa a tsaye wata magana ce dabam, kuma a nan bawul nake fara zargi. Injinka mai zagaye huɗu ne, yana da bawul biyu, na shigar iska da fetur da na fitar hayaƙi, kuma a saman kowanne akwai ɗan tazara da aka bari da gangan domin ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi. Da tafiya ta yi tafiya, bawul yana ƙara nutsewa cikin mazauninsa, tazarar tana raguwa, har ta kai bawul ɗin ba ya rufewa sosai. Inda bawul bai rufe ba matsin iska yana zurarewa, inji ya yi wuyar tashi, ya rasa ƙarfi, kuma idan aka daɗe a haka bawul ɗin hayaƙi yana ƙonewa, saboda ta hanyar zama a mazauninsa ne yake sauke zafinsa. Gyaran bai wuce na sifana da haƙuri ba. Injin ya kwana ya huce sarai, a cire murfin kan silinda, a juya fanka da hannu har alamar T da ke jikin maganeto ta yi daidai da alamar da ke jikin inji, a tabbata bawul biyun a sake suke, sannan a zura siririn ƙarfen awo a tazarar. A wannan inji tazarar tana kusa da milimita 0.05, amma littafin babur ɗinka ko takardar da ke manne a jikinsa shi ne alƙali. Ƙarfen awon ya shiga da ɗan jan jiki kaɗan, kada ya wuce sakaka kuma kada ya ƙi shiga. Ina jaddada wannan aiki ne saboda ba ya buƙatar sayen komai, kuma saboda haka ne ma ake yawan tsallake shi.

Bayan bawul sai hanyar iska da fetur. Matatar iska da ta cika da ƙura tana shaƙe inji, sai fetur ya yi yawa a kan iska. Idan ta soso ce a wanke ta, ta bushe, a ɗan shafa mata mai a matse, idan kuma ta takarda ce a canza ta. A kafireto akwai ƙaramin jet da ke ciyar da inji lokacin da yake tsaye da lokacin tashi, raminsa siriri ne ƙwarai, kuma ɗan datti ko tsohon fetur da ya daɗe a ciki ya isa ya toshe shi. A wanke shi da maganin wanke kafireto da iska, kada a zura masa waya mai kauri ta faɗaɗa ramin. A duba robar da ta haɗa kafireto da kan silinda, domin idan ta tsage iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya, injin ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai. Fulogin wannan inji galibi NGK C7HSA ne ko makamancinsa, tazarar bakinsa tsakanin milimita 0.6 da 0.7, kuma launinsa yana ba da labari: ruwan ƙasa mai haske lafiya ce, baƙi mai toka yana nufin fetur ya yi yawa, fari fat kuma yana nufin fetur ya yi kaɗan, wanda shi ne mafi haɗari.

Ka kyauta da kake canza baƙin mai, domin wannan inji man da yake ɗauka bai kai lita ɗaya ba, kuma ba shi da matatar mai ta takarda sai ɗan rariyar waya da ke ƙarƙashin wani babban noti, wadda ya kamata a wanke ta a duk canji. Sai dai akwai mai na biyu da mutane da yawa ba su san da shi ba, wato man giya da ke wajen tayar baya. Ɗan kaɗan ne, kusan mililita 100, kuma tunda ba ka ambace shi ba ina kyautata zaton tun na kamfani ne ke ciki.

Idan an gama duk wannan babur ɗin bai dawo hayyacinsa ba, ko yana fitar da shuɗin hayaƙi yana shan baƙin mai, to a auna matsin silinda da agogon awo ta ramin fulogi, totur a buɗe gaba ɗaya. Idan matsin ya yi ƙasa da abin da littafin ya faɗa, a ɗiga ɗan baƙin mai ta ramin a sake aunawa. Idan ya tashi sosai, ringin fistin ne ko jikin silinda ya cinye, idan kuma bai motsa ba, bawul ne ko gaskit. A wannan gaɓar ce kaɗai maganar sabuwar silinda take da wurin zama, domin a lokacin dole ne ma a buɗe injin, tambayar da ta rage ita ce wace za a sa.

Game da silindar da abokinka ya ambata, ya kamata ka san cewa sunan da ake sayar da ita da shi ya fi ta girma. Faɗin fistin ɗin injinka milimita 39 ne, shi ne ma 39 ɗin da ke cikin lambar 139QMB, kuma tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa kusan milimita 41.4 ce. Wadda ake kira 80cc faɗin fistin ɗinta milimita 47 ne, kuma idan aka yi lissafi da wannan tafiyar fistin ɗin abin da yake fitowa kusan 72cc ne. Wadda ake kira 100cc mai milimita 50 ce, ita kuma ba ta wuce kusan 81cc ba. Duk da haka, tashi daga 49 zuwa 72 ƙari ne na kusan kashi 47 cikin 100, kuma ba zan ɓoye maka ba, ana jin bambancin, musamman a tudu da wajen tashi da kaya. Abin da ba ta ƙarawa sosai shi ne ƙarshen gudu, saboda wannan ya dogara ne da yawan juyin inji da haƙoran giyar baya, waɗanda silinda ba ta canza su. Mai milimita 50 kuwa ba na ba mai zuwa aiki kullum shawarar ta, domin karanshaf da boris ɗinsa an yi su ne don ƙaramin fistin, sitata tana wahala wajen juya ta, kuma zafin da take haifarwa ya fi abin da fankar injin aka tsara ta kora. Kamar ɗora wa jaki kayan raƙumi ne, zai ɗauka na ɗan lokaci.

Babban kuskuren da ke kashe irin waɗannan injuna bayan an ƙara musu girma shi ne barin kafireto yadda yake. Babbar silinda tana zuƙar iska fiye da da, kuma idan babban jet bai ƙaru ba fetur zai yi kaɗan, injin ya yi zafi fiye da kima, fistin ya kumbura ya kama jikin silinda ko kansa ya huje. Abin takaicin shi ne injin da fetur ya yi masa kaɗan yakan yi kamar yana da kuzari kafin ya mutu, don haka mai shi yana murna har ranar da zai tsaya cak. Ƙa'idar ita ce a fara da jet mai ɗan girma, a gwada a hanya, a duba launin fulogi, sannan a riƙa sauka lamba bayan lamba har a sami daidai. Wannan aiki yana cin lokaci, kuma bakaniken da ya ce maka zai sa silindar ya ba ka babur ba tare da ya yi maganar jet ba, ka ɗauki babur ɗinka ka nemi wani.

Sauran abubuwa uku da abokinka ya lissafa ba su cancanci kuɗinka ba. Salansa mai ƙara a ƙaramin inji mai zagaye huɗu abin da ta fi ƙarawa shi ne ƙarar, kuma ita ma tana iya sa a sake neman jet. CDI shi ne ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, kuma wanda ake kira na tsere mafi yawan aikinsa cire iyakar juyin inji ne idan na asalin yana da ita, kuma akwai mai aiki da wutar batir da mai aiki da wutar maganeto, waɗanda ba a musanya ɗaya da ɗaya. Cire akwatin matatar iska kuwa shi na fi ƙi, domin kafireton wannan inji irin mai tantani ne wanda ke dogara da daidaitaccen jan iska, buɗaɗɗiyar matata tana rikita shi, kuma tana barin ƙura da ruwan sama su kai ga silindar da ka kashe kuɗi a kanta. Haka nan kada kowa ya cire maka robobin da suka lulluɓe silinda da sunan wai injin ya sha iska, su ne ke bi da iskar fanka ta kan haƙarƙarin silindar.

Idan ƙarfin hawa tudu kake nema da kuɗi kaɗan, nauyin rololi ne wurin da ya fi dacewa ka gwada, tunda ko yaya za a canza su. Girmansu a wannan inji milimita 16 da 13 ne, kuma ana samun su da nauyi dabam-dabam. Marasa nauyi suna jinkirta canjin giya, injin ya zauna a juyin da ya fi ƙarfi, babur ya fi kuzari a tudu, amma idan suka yi sauƙi da yawa sai ƙara ta yi yawa, fetur ya ƙaru, gudu ya ragu. A auna tsofaffin a san inda aka tashi, tare da tuna cewa sun riga sun ɗan rage nauyi saboda cinyewa, sannan a sauka da rabin giram zuwa giram ɗaya. Ka canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka gwada shi a kan tudu guda da ka sani, domin wanda ya canza abubuwa huɗu a rana ɗaya ba zai san wanne ya gyara ba, wanne ya ɓata.

Akwai kuma maganar doka da ta rai, wadda ba zan tsallake ba. A ƙasashe da dama babur mai 50cc yana da rukuninsa na musamman a lasisi da inshora. A Tarayyar Turai, alal misali, iyakar wannan rukuni ita ce 50cc da gudun kilomita 45 a awa, shi ya sa ake samun wasu baburan da kamfani ya sa musu washa a fulin gaba ko iyaka a CDI don kada su wuce haka. Ƙara girman inji yana iya fitar da babur ɗinka daga rukunin da takardunsa suka nuna, kuma idan haɗari ya faru kamfanin inshora yana iya cewa ba wannan babur ɗin ya ɗauki nauyi ba. Ka bincika dokar inda kake kafin ka sayi komai. Birki da tayoyin wannan babur kuma an yi su ne daidai da ƙarfinsa na asali. Ko ka ƙara inji ko ba ka ƙara ba, a duba fatun birki, a canza man birki idan ya kai shekara biyu, a karanta lambobi huɗun da ke gefen taya masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, domin taya mai shekaru da yawa tana bushewa ta rasa riƙo ko da zanenta bai goge ba. Taya maras isasshiyar iska ko birkin da ke ɗan kamawa su ma suna cin gudun ƙaramin inji fiye da yadda ake zato, don haka ka ɗaga babur a kan babbar ƙafarsa ka juya tayoyin da hannu ka ji.

Idan awo ya nuna silindar ta ƙare, doka ta ba ka dama, ka kuma zaɓi mai milimita 47, to ka tsaya a kan aikin. A sa sababbin gaskit da sababbin ƙananan zoben da ke riƙe ƙusar fistin, a toshe bakin inji da tsumma mai tsabta kada ɗaya ya faɗa ciki, a juya alamar da ke kan fistin ta fuskanci inda ya kamata, a rarraba bakunan ringi kada su yi layi ɗaya, a mayar da sarƙar taimin a kan alamominta, a ɗaure notocin kan silinda a gicciye da sifana mai awon ƙarfi. Bayan haka ɗaruruwan kilomitocin farko a yi su a hankali, ana sauya gudu, ba a murɗe totur har ƙarshe na dogon lokaci, a canza baƙin mai da wuri, a sake auna bawul. Ka ajiye tsohon jet da duk abin da aka cire mai sauran amfani. Amma idan gaskiyar buƙatarka ita ce doguwar tafiya da ɗaukar mutum biyu a kan tudu kullum, to ka gyara wannan ya dawo daidai, ka ci gaba da tara kuɗinka don mai 125cc, wanda karanshaf ɗinsa da birkinsa da firam ɗinsa tun daga kamfani aka yi su don wannan nauyin. A wannan makon abin da zan so ka yi shi ne ka sa a buɗe murfin bel a gabanka, a auna bawul da safe injin yana sanyi, a wanke matatar iska da ƙaramin jet, sannan ka koma tudun da ke ba ka wahala ka gwada shi kafin ka yanke hukunci a kan silinda.